Babi na Shida: Rumfa da Sito

Ranar Litinin ce, saura mako guda a ba da hutun zango na uku, wayata ta yi ƙara tun ban gama karyawa ba. Shugabar wata makaranta ce da na haɗa wa manhajar ajiye sakamakon jarrabawa 'yan watanni kafin nan. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Injiniya, kana ina? Komai ya tafi."

"Ranki ya daɗe, me ya tafi?"

"Sunayen yara, makin da malamai suka yi kwana uku suna shigarwa, duka. Mun buɗe, sai ga ta tana yi mana maraba, wai mu rubuta sunan makaranta, kamar yau aka kawo ta."

Na tambaye ta ko wani ya taɓa kwamfutar. Ta ce rabon da a buɗe ofishin tun ranar Juma'a. An dai ɗauke wuta daren Asabar, batirin inbata ya yi ta ja har ya ƙare, da wuta ta dawo kwamfutar ta tashi da kanta. Na roƙe ta abu ɗaya, kada kowa ya rubuta ko harafi guda a ciki har in iso. A hanya cikina ya ɗuri ruwa, domin ni na kafa abin da hannuna, kuma na san yadda iyaye ke jiran katin sakamako.

Ko maki ɗaya bai ɓace ba. Amma inda makin ya shige, da dalilin da ya sa manhajar ta wayi gari ba ta san kowa ba, ba za su fahimtu ba sai an san me kwantena take riƙewa, me kuma take saki idan kwamfuta ta mutu ta sake tashi.

Sunan kansa yana yaudarar Bahaushe. A wurinmu kwantena ita ce shagon ƙarfe na bakin titi, wanda mai shi ke jera kaya a ciki, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya tafi gida ya yi barcinsa. Wurin ajiya ne mai aminci. Waɗanda suka raɗa wa wannan fasaha suna kuwa jirgin ruwa suke tunani. Ranar 26 ga Afrilu 1956 wani jirgi mai suna Ideal X ya bar tashar Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da akwatunan ƙarfe 58, dabarar wani mai motocin dakon kaya da ake kira Malcom McLean. Abin da ya sauya harkar sufuri shi ne akwatin ya zama iri ɗaya a ko'ina: mai ƙugiyar lodi ba ruwansa da ko atamfa ce a ciki ko taya, ɗagawa ɗaya ce. Wannan ne Solomon Hykes ya aro lokacin da ya nuna Docker a karon farko a taron PyCon na Santa Clara cikin Maris 2013. A ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, yadda kowace kwamfuta za ta ɗauke ta ta kunna ba tare da gardama ba. Don sauƙin ɗauka aka yi ta. Ajiya ba ta cikin alkawarin.

A can ƙasa, kwantena shiri ne mai gudana kamar kowane shiri a kan Linux, sai dai an kewaye shi da zana. Ba ya ganin fayilolin maƙwabtansa, ba ya ganin ayyukansu, kuma ana iya auna masa iya ƙwaƙwalwar da zai ci. Dabarar ta girmi Docker nesa ba kusa ba. Unix ta samu `chroot` a 1979, FreeBSD ta kawo nata kurkukun manhaja a 2000, injiniyoyin Google kuma suka rubuta abin auna rabon kowane shiri, wanda ya shiga Linux a 2008. Docker ya tattara waɗannan ya sa musu marfi mai sauƙin buɗewa. Tunda kwantena shiri ne kawai, to idan wuta ta ɗauke, mutuwa take yi nan take kamar yadda rediyo ke yin shiru.

Shi ya sa idan ina koyar da matasa nake ce musu su bar tunanin shagon ƙarfe, su tuna kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Da safe ɗan kasuwa ya kafa rumfa, ya shimfiɗa tabarma, ya baza kaya. Da yamma ya naɗe. Iska ta yaye rumfar, gobe ya kafa wata, ba ya ko waiwaye. Dukiyarsa tana sito, kuma adadinta yana cikin littafi. Kwantena ita ce rumfar.

Abin da ke tsira da abin da ke tafiya

Kowace kwantena daga samfuri ake buga ta, kamar yadda ake buga bulo ɗari daga ƙarfe ɗaya. Samfurin ba ya canzawa, karanta shi kawai ake yi. Idan aka ƙirƙiri kwantena, Docker yana shimfiɗa mata wata 'yar siririyar shimfiɗa a saman samfurin, duk abin da shirin ya rubuta a nan yake sauka. Shimfiɗar tana kan faifai, galibi ƙarƙashin `/var/lib/docker`.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Wasu na zaton da zarar an kashe kwamfuta duk abin da ke cikin kwantena ya gushe. Ba haka ba ne. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki ne kawai ke tafiya da wuta. Shimfiɗar tana nan, idan aka sake tayar da kwantenar za ta tarar da kayanta. Wannan tsira ta farko ita ce tarkon. Mutum zai ga ya kashe ya kunna sau goma, komai lafiya, sai ya saki jiki, ya ci gaba da tara bayanai a cikin rumfa. Ranar da ya zo sabunta manhajar, ko ya sauya saiti ɗaya, dole a cire tsohuwar kwantena a buga sabuwa, kuma shimfiɗa tare da kwantenarta take tafiya. `docker rm` yana share ta. `docker compose down` ma haka. Babu tambayar ko ka tabbata.

Sito shi ne maganin. Wuri ne a kan faifan kwamfutar da ake jona wa kwantena daga waje, ba nata ba ne, aro aka ba ta. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai wanda Docker ke riƙewa da kansa a `/var/lib/docker/volumes`, kai dai ka ba shi suna. Akwai kuma wanda kai ne za ka nuna wata folda taka ka ce a jona ta. Duk abin da za ka yi kuka idan ya ɓace, rumbun bayanai ne, hotunan da mutane suka ɗora ne, takardun shaidar tsaro ne, a sito ya kamata ya kwana. A makarantar nan nau'i na biyu na zaɓa: na sayo faifai na waje mai igiyar USB, na ce rumbun bayanai na PostgreSQL ya zauna a kansa, don idan kwamfutar ta lalace a zare faifan a kai wata. Niyyar mai kyau ce, kuma ta nan ɓarakar ta shigo.

Wa ke tashin wa

Kafin kwantena ta dawo aiki bayan ɗaukewar wuta, sai hannu huɗu sun miƙa wa juna, kuma kowanne na iya saki.

Na farko ba shi da alaƙa da Docker ko kaɗan. Yawancin kwamfutocin tebur idan wuta ta dawo zama suke yi shiru har sai an danna maɓalli. A cikin saitin BIOS akwai wurin da ake gaya wa na'ura ta tashi da kanta in wuta ta dawo. A ƙasar da wuta ke kaiwa da komowa sau da yawa a yini, wannan saiti ya fi rabin abin da za a karanta a wannan babi muhimmanci. Kuma yana rataye ne da ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke kan allon na'urar. In ya mutu, saitin na iya komawa na masana'anta, agogo ma ya rikice, ka ga kwamfuta ta tashi tana zaton shekarun baya ne, takardun shaidar tsaro duk su ƙi karɓuwa. Tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu, a fara canza mata wannan batiri.

Na biyu shi ne systemd, mai gidan da ke tashin hidimomi a yawancin nau'o'in Linux na yau. Shi ne ke kunna Docker, in an gaya masa. A Debian da Ubuntu ana gaya masa tun wajen sakawa. A Fedora da danginta sai ka rubuta `systemctl enable docker` da kanka.

Na uku Docker ne, wanda idan ya farka yake bin kwantenoninsa ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da aka rubuta wa kowacce. Abin da aka rubuta ɗin shi ne hannu na huɗu, ƙa'idar sake tashi. In ba ka faɗi komai ba, ƙa'idar ita ce `no`, wato ta mutu ta mutu. Wannan ne ya fi kama sababbin shiga: kwamfuta ta tashi, fitilu na walƙiya, amma shafi ya ƙi buɗewa, in ka rubuta `docker ps -a` sai ka ga kwantenonin jere a kwance, kowacce da tambarin ta fita. Akwai `on-failure`, mai tayar da shiri idan ya faɗi da kuskure, wanda ya dace da aikin da ake so ya gama ya tsaya, ba hidimar da ake so ta kwana tana aiki ba. Saura biyu, `always` da `unless-stopped`, su ne na masu hidima, kuma bambancinsu ƙarami ne har sai ranar da ya yi cizo.

A ce kana da wata tsohuwar manhaja da ka tsayar da gangan saboda ka kafa sabuwa a madadinta. In ƙa'idarta `always` ce, za ta kwanta lafiya har ranar da kwamfuta ta sake tashi. A ranar Docker zai tashe ta, domin abin da aka ce masa ke nan, kullum. Sai ta riga sabuwar kama ƙofar sadarwa, sabuwar ta zo ta tarar an tare mata wuri, ta faɗi. Mafi muni, in sitonsu ɗaya ne, su biyun su dinga rubutu a littafi guda. `unless-stopped` kuwa tana tuna cewa mutum ne ya tsayar da ita da hannunsa, ba wuta ba, don haka ba ta tashi. Ni ita nake zaɓa kusan a ko'ina, domin ina so na'ura ta girmama shawarar da mutum ya yanke yana cikin hankalinsa. In an riga an ƙirƙiri kwantena ba ƙa'ida, ba sai an rushe ta ba, `docker update --restart unless-stopped` tare da sunanta ya wadatar.

Docker ba ya tayar da mai faɗuwa da gaggawa ba iyaka. Yana fara jira na milisakan 100, ya ninka, ya sake ninkawa, har ya kai minti ɗaya tsakanin gwaji da gwaji. In kwantenar ta yi daƙiƙa 10 a tsaye, sai ya ɗauka ta warke ya koma lissafi daga farko. Wannan haƙurin yana ceton tsari sau da yawa ba tare da mai shi ya sani ba.

Masu amfani da Podman, madadin Docker wanda Red Hat ta ƙirƙira, ba su da wani mai gadi da ke zaune kullum irin na Docker, don haka systemd suke miƙa wa aikin kai tsaye. Tun fitowar Podman 4.4 a 2023 akwai Quadlet, inda ake rubuta ɗan fayil guda systemd ya riƙe kwantena kamar kowace hidima. In kwantenar ta wani ma'aikaci ce ba ta shugaban na'ura ba, sai an ƙara `loginctl enable-linger`, in ba haka ba ba za ta tashi ba sai mai ita ya shiga da kalmar sirrinsa.

Faifan da ya makara

A makarantar, hannayen nan huɗu duk sun yi aikinsu. Kwamfuta ta tashi, Docker ya tashi, kwantenoni sun tashi. Da na zauna gaban na'urar, abin da na fara rubutawa shi ne `df -h`, don in ga faifan da ke jone. Faifan waje ba ya cikin jerin. Fitilarsa na ci, yana juyawa, amma ba a ɗaura shi a mazauninsa ba. Na leƙa foldar da ya kamata a ce yana ciki, sai ga rumbun bayanai sabo fil, kwanan watansa na daren Asabar. A nan na sauke ajiyar zuciya.

Ga yadda abin ya kasance. A fayil ɗin `/etc/fstab`, inda ake jera faifan da za a ɗaura wajen tashi, na sa wa faifan wajen kalmar `nofail`. Dalilina shi ne kada kwamfutar ta tsaya cak in wata rana wani ya zare faifan. Abin da kalmar ke nufi ga systemd kuwa shi ne, kada ka jira wannan, ci gaba da tafiya. Shi kuma systemd, tun da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da shi a 2010, abin da yake taƙama da shi ke nan, tashin hidimomi a lokaci guda maimakon a layi. Faifan USB mai juyawa yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya shirya, a daren kuma bai amsa da wuri ba sam. Docker ya riga shi. Ya nemi foldar da aka ce ya jona, bai same ta ba. Idan da gajeren salon `-v` aka yi jonin, Docker ba ya ƙorafi, ƙirƙirar folda yake yi fanko ya miƙa. PostgreSQL ya buɗe ido ya ga wuri wayam. A ƙa'idar samfurinsa, folda fanko na nufin yau ce ranar farko, sai ya kafa sabon rumbu. Manhajar makaranta ta leƙa rumbun ta ga babu kowa, ta yi wa Hajiya, shugabar makarantar, maraba.

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ya bi abin da aka rubuta masa. Ni ne ban rubuta cewa wannan ya jira wancan ba. Hatsarin da na ji tsoro a waya shi ne a fara shigar da sabon maki a rumbun bogi. Da an yi haka, duk ranar da faifan gaskiya ya hau mazauninsa zai rufe sabon aikin ruf, kamar an ɗora tabarma a kan tabarma, a wayi gari da littafi biyu kowanne da rabin gaskiya.

Gyaran bai kai layi biyar ba. Na tsayar da Docker, na kawar da rumbun bogi, na ɗaura faifan, na kira shi da lambarsa ta UUID a fstab, domin suna irin `sdb` yana iya sauyawa daga tashi zuwa tashi. Sannan na ƙara wa hidimar Docker sharaɗin `RequiresMountsFor` da hanyar faifan, ma'ana in babu faifai babu Docker. Na kuma sauya jonin zuwa dogon salo wanda ke ƙin tashi in foldar ba ta nan. Gara manhaja ta ƙi buɗewa, a kira ni, da ta buɗe da fara'a a kan rumbun da ba shi ba.

Akwai ƙanwar wannan matsala da ya kamata a sani. A fayil ɗin Compose, inda ake jera kwantenoni da saitinsu, ana rubuta `depends_on` don a ce manhaja ta jira rumbun bayanai. Mutane na ɗauka wannan doka ce ta har abada. Compose ne kaɗai ke karanta ta, lokacin da ka kira shi da hannunka. Wajen tashin kwamfuta ba Compose ke tayar da kwantenoni ba, Docker ne, shi kuma ƙa'idar sake tashi yake dubawa. Manhaja na iya riga rumbunta farkawa, ta nema ta rasa, ta faɗi. Sau da yawa ninkin jiran nan ne ke rufa asiri, a gwaji na uku ko na huɗu rumbu ya shirya. Amma manhajar da ba ta faɗuwa, sai dai ta tsaya tsuru tana jira, babu mai tashinta. Mai rubuta manhaja ya koya mata sake ƙwanƙwasawa, mai kula da na'ura kuma, in ya ga dole sai an bi layi, ya sa systemd ya kira Compose wajen tashi. Kada kuma a kira kwantena da lambar adireshinta na ciki, lambar na iya sauyawa bayan tashi. A kira ta da suna, Docker zai nemo ta.

Littafin ɗan kasuwa

Saiti yana zama a wurare uku: a kan mutum, a cikin kwantena, ko a rubuce. Biyun farko ba abin dogaro ba ne. Na sha tarar da na'urar da wani ya kafa da dogon umarnin `docker run` mai layi shida shekara biyu da suka wuce, ya bar aikin, babu wanda ya san me ya rubuta. Kowa na tsoron taɓa kwantenar, ana lallaɓa ta kamar ƙwai. Haka wanda ya shiga cikin kwantena da `docker exec` ya gyara wani fayil, abin ya yi aiki, ya manta. Gyaransa na kan shimfiɗa, kuma mun san makomar shimfiɗa.

Compose, wanda asalinsa wata manhaja ce mai suna Fig da Docker ya saya tare da kamfaninta Orchard a 2014, littafin ne. Fayil guda, ga kamanninsa:

```
services:
  rumbu:
    image: postgres:16
    restart: unless-stopped
    env_file: .env
    volumes:
      - bayanai:/var/lib/postgresql/data
volumes:
  bayanai:
```

Duk wanda ya karanta wannan ya san samfurin, ya san ƙa'idar tashi, ya san inda sito yake. A lura da lambar 16. Mai rubuta `latest` ya bar wa sa'a zaɓen abin da zai samu ranar da ya sake jawo samfuri, kuma babban zubin PostgreSQL ba ya buɗe foldar da zubin baya ya rubuta sai an yi ƙaura ta musamman. Kalmomin sirri suna zama a fayil na daban, `.env`, wanda ba a ɗora shi inda jama'a ke gani. Raba saiti da manhaja tsohuwar shawara ce, Adam Wiggins na Heroku ya jera ta cikin ƙa'idoji 12 da ya wallafa a 2011.

Abu biyu game da saiti suna cin lokacin mutane. Saitin da aka ba kwantena ana manna mata shi ne ranar da aka ƙirƙire ta. Ka gyara `.env`, ka yi `docker restart`, ka kashe kwamfuta ka kunna, tsohon saitin ne zai dawo. Sai ka ce `docker compose up -d`, Compose ya ga littafi ya canza, ya rushe rumfa ya kafa sabuwa. Ɗayan ya fi wannan ɓoyuwa. Kalmar sirrin da ake ba PostgreSQL ta `POSTGRES_PASSWORD` sau ɗaya tak yake karanta ta, ranar da ya tarar da folda fanko. Daga nan ta shige cikin rumbu. In ka sauya ta a fayil bayan wata shida, manhajarka za ta zo da sabon mabuɗi, rumbu na riƙe da tsohon kwaɗo. Sai an shiga rumbun an sauya ta daga ciki.

Masu wannan sana'a a Amurka suna da wani zance, wai a ɗauki na'urori kamar garken shanu, kada a ɗauke su kamar dabbar gida mai suna, in ɗaya ta kwanta a kawo wata. Duk wanda ya taɓa zama da makiyayi ya san misalin bai zauna a nan ba, don Bafulatani ya san kowace saniya da sunanta da uwarta. Amma abin da suke nufi daidai ne: kada a bar wata kwantena ta zama wadda ba a iya maye gurbinta.

Mutuwa mai kyau da mutuwar fuju'a

Idan aka kashe kwamfuta bisa tsari, Docker yana aika wa kowace kwantena saƙon ta tattara kayanta, ya jira daƙiƙa 10, in ba ta fita ba ya sare ta. Lambar fita na ba da labari: 143 na nufin saƙon farko ne ya tsayar da ita, 137 na nufin sare ta aka yi, ko don ta wuce lokaci ko don ƙwaƙwalwa ta ƙare. In kana ganin 137 kullum wajen rufewa, ko shirin ba ya jin saƙon, ko daƙiƙa 10 sun yi masa kaɗan, sai a ƙara masa da `stop_grace_period`.

Ɗaukewar wuta ba ta aika saƙo. Abin da ke ceton PostgreSQL shi ne yana rubuta kowane canji a wata rajista kafin ya taɓa ainihin bayanan, kamar mai shagon da ke shigar da ciniki a littafi kafin ya ɗaga kaya daga kanta. In ya farka sai ya bi rajistar ya ƙarasa abin da ya rage. Dabarar tana aiki muddin faifai ya faɗi gaskiya cewa ya rubuta abin da ya ce ya rubuta, kuma faifai masu arha da katin ajiya irin na waya ba kullum suke cika wannan ba. Ƙaramar UPS mai igiyar da ke gaya wa kwamfuta cewa batiri ya kusa ƙarewa, ta rufe kanta cikin natsuwa, ta fi babbar inbata da ke ja har ta yanke ba sallama.

Sito kuma ba kwafin ajiya ba ne. Yana kan faifai ɗaya, faifai na mutuwa, ana sace shi, kuma `docker compose down -v`, da wannan ƙaramin harafi a ƙarshe, yana share sito masu suna gaba ɗaya. Manya ma sun ɗanɗana. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya share foldar rumbun bayanai a kan sabar da ba ita ya nufa ba, kusan gigabait 300. Da aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ke da su, aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su, aikin sa'o'i shidan kuma ya tafi. Sun wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla, kuma duk mai riƙe da bayanan jama'a ya kamata ya nemo ya karanta. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko kwafi ne ba. Ga rumbun bayanai, a fitar da shi da `pg_dump` kowane dare, a kai wani faifai, a kuma aika ɗaya wajen ginin.

Da na gama gyara a makarantar, sunayen yara suka dawo, Hajiya ta yi hamdala, ta ce a kawo mini lemo. Na ce mata da saura.

"Ranki ya daɗe, ina so mu ɗauke wutar da kanmu."

"Ɗana, yanzu fa muka samu kanmu."

"Shi ya sa. Gara ta faɗi ina tsaye a nan."

Na ɗauki kwafi biyu, ɗaya a filashi na ba ta ta sa a jakarta. Na fara da kashewa bisa tsari, komai ya dawo. Sannan na zare faifan waje na kunna: kwamfuta ta tashi, Docker ya ƙi tashi, shafin ya ƙi buɗewa, babu maraba, babu sabon rumbu. Na mayar da faifan. Na kira malamin da ke kula da ofishin jarrabawa na ce ya zare filogi daga bango da hannunsa, ya ƙirga goma, ya mayar, kada kowa ya taɓa maɓalli. Fanka ta juya, fitilar faifai ta kama, muka tsaya mu uku muna kallon allo. Bai kai minti uku ba ya sabunta shafin, sai ga 'yan aji ɗaya jere da makinsu. Na buga fayil ɗin Compose a takarda, na rubuta a ƙasa inda faifan yake da inda kwafin dare ke sauka, aka sa a fayil ɗin ofis tare da takardun janareta. Malamin ya ja kujera ya ci gaba da shigar da makin lissafi na aji uku daga inda ya tsaya ranar Juma'a.